Desistir: Kalmar da Alƙalami Ya Mayar Bakin Jama'a

Idan mutumin Madrid zai ambaci mabuɗi, llave yake cewa. Na Lisbon ya ce chave, na Barsalona kuwa clau. Dare a wurin na farko noche ne, a wurin na biyu noite, a wurin na uku nit. Ɗa kuma hijo, filho da fill. Duk waɗannan kalmomi tsatsonsu ɗaya ne, wato Latin, harshen Rumawa, amma shekaru dubu biyu a bakin mutane sun sassaƙe su har kowace ta kama gabanta. Sai ga wata kalma guda da ta ƙi rabuwa. Mai Sifaniyanci da mai Fotugis da mai Katalanci, in suna nufin mutum ya fasa abin da ya ɗauko, ko ya haƙura da shi, ko ya janye ƙarar da ya shigar, dukansu desistir suke rubutawa, haruffa takwas, ba ragi ba ƙari. Wannan daidaito yana da dalili, kuma kafin a kai ga dalilin sai an bi ta sansanin soja, a shiga kotu, a leƙa gidajen ibada, sannan a zauna a ofishin magatakardan sarki.

A Latin desistere ake ce mata. Gaɓa biyu aka haɗa: de, wadda ke nuna sauka ko nisanta daga abu, da sistere, wato tsayawa ko tsayar da abu cak. Ma'anar ke nan mutum ya tsaya daga abin da yake yi, ya ja gefe. 'Yan ɗakinta suna da yawa. Akwai resistere, a tsaya gaban abu a tare shi, da insistere, a tsaya kan abu a nace, da persistere, a tsaya har sai an ga ƙarshe.

Wanda yake son ganin yadda Rumawa ke amfani da ita ya duba littafin da Yuliyus Kaisar ya rubuta kan yaƙe-yaƙensa a ƙasar Gol, Faransa ta yau. A shekara ta 58 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, wata al'umma da ake kira Helbeti, mazauna inda Suwizalan take yanzu, ta cinna wa garuruwanta wuta da hannunta, ta loda mata da yara da hatsi a amalanke, ta nufi yamma neman sabon mazauni. Hanya mafi sauƙi ita ce su haye kogin Ron kusa da Janeba, su ratsa lardin Rumawa. Suka aika neman izini. Kaisar ya ce su ba shi 'yan kwanaki ya yi shawara, alhali a wannan tsakanin sojojinsa na can suna gina ganuwa da ramin tsaro mai tsawon mil 19 na Rumawa a bakin kogin. Da manzannin suka dawo ya ce babu hanya. Mutanen nan suka ɗaura kwale-kwale da juna, suka harhaɗa katako, wasu suka bi ta mashigi inda ruwa bai da zurfi, wani lokaci da rana, galibi da dare, kullum ana korarsu da mashi. Daga ƙarshe suka fasa, kuma wannan kalma tamu ce Kaisar ya zaɓa don faɗin haka. Amma fa ba su ajiye makami ba, ba su kuma koma gida ba. Juyawa suka yi, suka bi wata matsatsiyar hanya tsakanin duwatsun Jura da kogin, wadda amalanke ɗaya ne kawai ke iya wucewa a lokaci guda, suka ci gaba da tafiyarsu. Miƙa wuya, wanda ya same su daga baya a wannan shekarar bayan an ci su da yaƙi, sunansa daban ne a Latin. Shi deditio ake ce masa, ka ba da kanka da garinka da wuraren bautarka a hannun wanda ya fi ƙarfinka. Tun daga tushe ke nan, wanda ya yi desistere yana nan tsaye da ƙafarsa, kuma shi ya yanke wa kansa shawara.

Gidanta na biyu kotu ne. A Rum babu ofishin mai gabatar da ƙara na gwamnati. Ɗan ƙasa ne ke tashi ya tuhumi ɗan uwansa da babban laifi. Wannan ya buɗe ƙofar ɓarna, don mutum kan shigar da ƙara domin tsoratarwa, in an cika masa aljihu sai ya sulale. A shekara ta 61 miladiyya, zamanin sarki Nero, majalisar dattawa ta kafa doka, wadda ake kira da sunan Turpilianus, ɗaya daga cikin shugabannin wannan shekara, cewa wanda ya fara tuhuma sannan ya watsar ba da izinin kotu ba, shi ma zai sha hukunci. Daga nan malaman shari'a suka shiga tantance wane ne za a ce ya janye. Suka tsaya a kan cewa wanda ya jinkirta bai janye ba, sai wanda ya cire niyyar daga ransa gaba ɗaya. Waɗannan fatawoyi suna cikin abin da sarki Jastiniyan ya sa aka tattara a babban kundin shari'ar Rumawa da aka kammala a Kustantiniyya a shekara ta 533. A riƙe wannan kundi, don shi ne zai ceci kalmar.

Latin ya shiga yankin Iberiya, inda Sifen da Fotugal suke, ta kan jiragen yaƙi. A shekara ta 218 kafin miladiyya, yayin da Hanibal na Kartaj, birnin da kufansa ke kusa da Tunis ta yau, yake ratsa duwatsun Alps da giwayensa zuwa Italiya, Rumawa suka sauke runduna a Emporiyon, a gaɓar Kataloniya, don su datse masa hanyar agaji. Sun zo don Hanibal, amma suka ƙi tafiya. Sai da suka shafe kusan shekara 200 kafin su mallake yankin, domin yaƙin ƙarshe da mutanen duwatsun arewa bai ƙare ba sai a shekara ta 19 kafin miladiyya, zamanin Agustus. A yamma, Biriyatus, jagoran Lusitaniyawa, ya gagare su shekaru, har sai da suka sayi uku daga cikin mutanensa suka kashe shi yana barci a shekara ta 139 kafin miladiyya.

Labarin da ya fi tsaya wa mutanen Sifen a rai shi ne na Numansiya, wani gari a kan tudu kusa da Soriya ta yanzu. Shekara ashirin yana kunyata janar-janar na Rum ɗaya bayan ɗaya. Sai aka turo Sipiyo Emiliyanus, wanda ya rushe Kartaj. Shi bai nemi karo ba. Ya zagaye garin da katanga mai tsawon kusan kilomita 9, da sansanoni bakwai, ya tare kogin Duwero da gungumomi masu ƙusoshi don kada ko mai ninƙaya ya shigar da abinci, sannan ya zauna. Mutanen garin suka fito suna kiran yaƙi, ya ƙi amsawa. Hatsi ya ƙare, dabbobi suka ƙare, aka koma dafa fatu. A shekara ta 133 kafin miladiyya garin ya faɗi, da yawa daga mazaunansa suka zaɓi su kashe kansu da a ja su cikin sarƙa. Har gobe in Basifaniye ya ce tsayin daka na numantina, yana nufin irin wanda ba a fasawa ko da za a ƙare.

Harsunan waɗannan mutane kuwa ba su tsira ba, ban da na Baskawa a duwatsun arewa. Tsofaffin sojoji suka samu filaye, aka gina musu birane irin su Merida a shekara ta 25 kafin miladiyya, suka auri 'yan ƙasa, kasuwa da haraji da kotu duk suka koma Latin. Ba a daɗe ba yankin ya fara ba Rum malamai. Seneka ɗan Ƙurɗuba ne, Kwintiliyan, babban malamin balaga, ɗan Kalahora ne, sarki Tarajan kuma an haife shi a Italika, kusa da Ishbiliya. Irin waɗannan sun san desistere sarai. Amma manomi da ɗan dako da mai talla ba da Latin ɗin littafi suke magana ba. In za su ce a bar abu, laxare suke cewa, wato a sassauta, a saki. Daga nan aka samu dejar a Sifaniyanci, deixar a Fotugis da Katalanci. In za su ce a miƙa wuya, reddere suke amfani da ita, mayarwa, wadda ta zama rendir da render da retre. Kalmar Kaisar ba ta samu shiga wannan ayari ba, sai ta zauna a takarda.

Ta yaya aka sani, alhali ba wanda ya naɗi muryar mutanen wancan zamani? Shaidar tana jikin kalmar. A Latin akwai gajeren wasalin i, kuma a bakin jama'a wannan wasali ya rikiɗe ya koma e a kusan duk kalmar da aka gada baki da baki. Pilus, gashi, ya zama pelo. Siccus, busasshe, ya zama seco. Littera, harafi, ya zama letra. Piscis, kifi, ya zama pez da peixe da peix. To i ɗin da ke tsakiyar desistere gajere ne. Da a ce iyaye sun yi ta faɗa wa 'ya'yansu ita tun zamanin Agustus, da ya bi sahun sauran. Ga shi nan daram kamar yadda Kaisar ya rubuta. Ta yi kama da zanen da aka naɗe aka sa a ƙasan adaka: sa'o'insa sun sha wanki da rana har sun koɗe, shi kuwa aka ciro shi bayan shekaru da launinsa na ranar farko. Abin da ya sa ta zama iri ɗaya a harsunan uku ke nan. Lokacin da ta dawo, sun riga sun rabu, kuma kowannensu daga littafi guda ya kwafo ta.

Tsakanin ɓoyewarta da dawowarta an yi abubuwa da yawa. Daular Rum ta yamma ta rushe, ƙabilun Jamus suka shigo daga shekara ta 409, Bisigotawa suka kafa mulki a Toledo amma suka rungumi Latin. A shekara ta 711 Ɗariƙ bin Ziyad ya haye mashigin da dutsensa ke ɗauke da sunansa har yau, Jabalu Ɗariƙ, wanda Turawa suka mayar Gibraltar. Cikin 'yan shekaru mafi yawan yankin ya zama Andalus, Larabci ya zama harshen ilimi da mulki. Masana sun ƙiyasta kalmomin Larabci da suka shiga Sifaniyanci sun kai 4,000 in an haɗa da sunayen wurare. Bahaushe zai gane wasu nan take. Magajin gari a Sifen alcalde ne, daga alƙali. Sukari azúcar ne. In mutum na fatan abu sai ya ce ojalá, a Fotugal oxalá, kuma sunan Allah ne a ƙarshen kalmar. Kiristocin da suka rage da mulki sun maƙale a duwatsun arewa, kowane kwari da karin maganarsa. Na gabas suka jingina da Faransawa, waɗanda suka karɓe Barsalona a shekara ta 801, shi ya sa Katalanci ya fi kusa da harshen kudancin Faransa. Na tsakiya suka haifi Kastiliyanci, wanda duniya ke kira Sifaniyanci. Na yamma suka haifi harshen Galisiya da Fotugal. Da ƙarfinsu ya dawo suka gangaro kudu, kowa da harshensa a bayan dokinsa: Toledo a 1085, Lisbon a 1147, Ƙurɗuba a 1236, Balensiya a 1238, Ishbiliya a 1248.

Rubutun farko a waɗannan harsuna bai zo da alfahari ba. A gidan ibada na San Milan, wani mai karatu da Latin ya fara yi wa wuya ya riƙa rubuta fassarar kalmomi da ƙananan haruffa a gefen shafi da tsakanin layuka, wajen shekara ta 1000. A ƙauyen Organya na Kataloniya an gano 'yan shafukan wa'azi a 1904, waɗanda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na 12. A Fotugal akwai wasiyyar sarki Afonso na biyu ta 1214. Harsuna ne na gona da kasuwa da waƙa, masu wadatar sunayen dabbobi da kayan aiki, amma in aka zo maganar sharaɗi da haƙƙi da hujja sai su yi ƙaranci.

A daidai wannan lokaci wani abu ya faru a Italiya. Wajen ƙarshen ƙarni na 11 aka sake gano kundin Jastiniyan, malamai a birnin Bolonya, irin su Irneriyus, suka fara karantar da shi layi-layi. Ɗalibai suka yi ta kwarara daga ko'ina a Turai, na Iberiya ba a bar su a baya ba. Ramon na Penyafort, Bakatalane, a can ya yi karatu ya kuma koyar, shi ne ya tattara wa Fafaroma dokokin coci a 1234. A 1364 wani babban limamin Sifen, Gil de Albornos, ya yi wasiyyar gina wa ɗaliban ƙasarsa makaranta ta musamman a Bolonya, kuma tana nan har yau. A gida ma aka buɗe jami'o'i, Salamanka a 1218, Lisbon a 1290, Leida a 1300, kuma shari'a ce kan gaba a darussansu. Waɗannan ɗalibai su ne suka dawo suka zama alƙalai da lauyoyi da magatakardan fada.

Sarakuna kuma suka yanke shawarar da ta canza komai. Alfonso na goma na Kastil, wanda ya yi mulki daga 1252 zuwa 1284, ya sa ana rubuta takardun fada da tarihi da ilimin taurari da harshen jama'a, ya kuma sa aka tsara babban kundin doka mai kashi bakwai wanda ya ɗebo da yawa daga shari'ar Rumawa. Jikansa Dinis, sarkin Fotugal, ya yi haka da Fotugis. A gabas fadar Aragon tana fitar da takardu da Katalanci, Ramon Lul na Mayorka yana rubuta falsafa da shi, ban da Latin da Larabci da ya koya. To a yi tunanin magatakarda zaune da fatar rubutu a gabansa, zai rubuta cewa mai ƙara ya janye. In ya sa dejar, kalmar ta yi faɗi, don da ita ake barin gida, a bar gado, a bar jaki a bakin rijiya. In ya sa rendir, ya mai da mutumin wanda aka ci da yaƙi, alhali ba haka ba ne. Abin da yake so yana nan a littafin da ya haddace a makaranta. Sai ya ɗauko shi, ya gyara masa wutsiya kawai. Rukunin aikatau da desistere take ciki ya riga ya narke a Sifaniyanci da Fotugis, don haka aka saka ta a rukunin masu ƙarewa da ir, ita da 'yan ɗakinta duka: resistir, insistir, persistir, existir. A ƙarni na 14 da na 15 irin wannan aro ya zama ruwan dare, marubuta irin su Bernat Mece a Barsalona da Huwan de Mena a Ƙurɗuba suka yi ta ɗebo kalmomin Latin da gangan, na'urar buga littafi kuma, wadda ta iso yankin a shekarun 1470, ta kafe su.

Ni a ganina waɗannan magatakarda, waɗanda yawancinsu ba a san sunansu ba, sun yi wa harsunansu aikin da ya fi na jarumai da yawa da aka gina wa gumaka. Ba su ce harshen uwarsu ya gaza ba don haka a ci gaba da Latin, ba su kuma ce aro abin kunya ne ba. Mu ma mun san wannan hanya. Shari'a da hukunci da shaida da wasiyya ta littattafan malamai suka shigo Hausa, yau kuwa tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba tana faɗinsu ba tare da ta ji baƙunta ba.

Shekarar 1492 ta tara abubuwa uku. Ranar 2 ga Janairu sarki Abu Abdullahi ya miƙa mabuɗan Garnaɗa, masarautar Musulmi ta ƙarshe a Andalus. A watan Agusta Kolombus ya tashi da jiragensa uku. A wannan watan kuma Antoniyo de Nebriha, tsohon ɗalibin waccan makaranta ta Bolonya, ya buga nahawun Kastiliyanci na farko. Yarjejeniyar Garnaɗa ta yi wa Musulmi alkawarin addininsu da alƙalansu, amma ba ta kai shekara goma ba aka karya ta, aka tilasta musu shiga Kiristanci, a 1567 kuma Filibus na biyu ya haramta Larabci da suturarsu. Birni ya miƙa wuya, mutanensa ba su fasa ba. Da yawansu, musamman a Aragon da Kastil inda Larabci ya riga ya kuɓuce musu, suka riƙa rubuta fiƙihu da ƙissoshin annabawa da addu'o'i cikin Sifaniyanci amma da haruffan Larabci, suna ɓoyewa. Ana kiran wannan rubutu aljamiado, daga kalmar da ta ba mu ajami. A 1884 masu gyaran wani tsohon gida a ƙauyen Almonasid de la Siyera suka ɗaga daɓen katako suka tarar da tarin irin waɗannan littattafai a naɗe. Masu su suna cikin mutum kusan 300,000 da aka kora daga Sifen tsakanin 1609 da 1614.

Daga nan kalmar ta hau jirgin ruwa tare da gwamnoni da limamai da takardun kotu. Sifaniyanci ya mamaye daga Meziko zuwa Ajantina, Fotugis ya kafu a Brazil daga shekara ta 1500, da gaɓar Afirka. Brazil ce ta karɓi bayi daga Afirka fiye da kowace ƙasa, sama da miliyan huɗu, kuma a farkon ƙarni na 19 akwai Hausawa da yawa cikin waɗanda aka sauke a Bahiya. Hukumomi sun bankaɗo shirin tawayensu a 1807, sun yi bore a 1814, wasunsu kuma suna cikin babban tawayen Musulmi na Janairun 1835 a birnin Salbado, cikin watan azumi, wanda Yarabawa suka fi yawa a cikinsa. An samu layu da takardun Larabci a jikin waɗanda aka kashe, an kuma yi wa waɗanda aka kama shari'a da Fotugis. Har yau a Bahiya ana dafa wata shinkafa da busasshen nama da ake kira arroz de hauçá, shinkafar Hausa. Jikokin waɗannan bayi suna cikin masu magana da Fotugis sama da miliyan 250 a duniya.

Katalanci ne ya sha wuya. A yaƙin gadon sarautar Sifen Kataloniya ta goyi bayan wanda bai yi nasara ba. Barsalona ta jure ƙawanya sama da shekara guda, ta faɗi ranar 11 ga Satumba 1714, kuma dokar da Filibus na biyar ya kafa a 1716 ta ce shari'a a babbar kotun yankin da Kastiliyanci za a riƙa yi. Harshen ya fita daga ofis, daga baya ya fita daga aji, ya koma gida da kasuwa da coci. A ƙarni na 19 marubuta suka farfaɗo da shi, amma kowa da irin rubutunsa, kuma Sifaniyanci ya yi masa katutu. Wanda ya daidaita shi injiniya ne, Pompeu Fabra: ƙa'idojin rubutu a 1913, nahawu a 1918, ƙamus a 1932. Da Janar Faranko ya ci yaƙin basasa a 1939 ya kori harshen daga makarantu da ofisoshi da jaridu, Fabra, yana da shekara 70, ya tsallaka Faransa, ya rasu a garin Prada a 1948 bai sake ganin gida ba. Iyaye suka ci gaba da yi wa 'ya'yansu magana da shi a ɗaka. Bayan mutuwar Faranko a 1975 ya dawo harshen hukuma a Kataloniya ta dokar cin gashin kai ta 1979, kuma shi ne harshen hukuma tilo na ƙasar Andora. Masu iya magana da shi sun kai miliyan 9 zuwa 10. Ranar da Barsalona ta faɗi ita mutanen Kataloniya suka mayar ranar ƙasarsu.

Yau in aka saurari kalmar, kunne zai ji abin da ido bai gani ba. A Madrid ana furta ta yadda aka rubuta. A Lisbon s ta farko ta koma z, ta biyu ta koma sh. A yawancin Brazil ti ɗin ƙarshe ya zama ci. A Barsalona ba a furta r ɗin ƙarshe, kuma in mutum zai ce na fasa, desisteixo yake cewa, inda sauran biyun ke cewa desisto. Baki ya fara aikinsa a kanta, sai dai ya makara.

Matsayinta ma ya bambanta. A Sifaniyanci da Katalanci har yanzu da ƙanshin ofis a jikinta. A hira mutum ya fi cewa ya sallama ko ya bar abin, ita kuwa a jarida da takardar lauya aka fi ganinta. A Fotugis ta sauko ƙasa sosai. Yaron da lissafi ya gagara sai ya ture littafi ya ce desisto. A 2004 an yi wani gangamin talla a Brazil mai taken ni ɗan Brazil ne, ba na fasawa har abada, da wannan kalma. Ranar 12 ga Agusta 2014 Eduwardo Kampos, tsohon gwamnan Farnambuko mai takarar shugaban ƙasa, ya rufe hirarsa a labaran dare na gidan talabijin na Globo da cewa ba za su haƙura da Brazil ba: não vamos desistir do Brasil. Washegari jirginsa ya faɗi a birnin Santos, ya rasu yana da shekara 49. A jana'izarsa a Resife an ga wannan jimla a rigunan dubban mutane.

A kotu kuwa tana nan inda malaman Rum suka ajiye ta. Dokar hukunta laifuka ta Brazil, a sashe na 15, ta ce wanda ya fara aikata laifi sannan ya fasa da kansa, abin da ya riga ya aikata kawai za a tuhume shi da shi. Sashe na 16 na dokar Sifen ma haka yake. Wanda ya sayi kaya ta intanet a Sifen yana da kwana 14 ya fasa cinikin, a Brazil kwana 7. Dokar shari'ar farar hula ta Sifen ta shekara ta 2000 ta raba abu biyu a sashe na 20: wanda ya yi renuncia ya yafe haƙƙinsa, magana ta mutu, wanda ya yi desistimiento ya janye wannan zama ne kawai, yana iya dawowa da sabuwar ƙara kan abu guda. Mai karatu da fatauci ko karatu zai kai shi ƙasashen da ke aiki da waɗannan harsuna, har da na nan Afirka irin su Angola da Mozambik da Gini Bisau da Ikwatoriyal Gini, in ya ga kalmar a takarda ya tambayi lauya kafin ya sa hannu. A dokar Fotugal kalma ɗaya ce ke ɗauke da duka biyun: desistência da instância tana rufe zaman kotu kawai, desistência do pedido kuwa tana kashe haƙƙin gaba ɗaya.